Wuta Mai Rauni

Ban taɓa mantawa da ranar Larabar nan ba, kuma ku ƴan matan da ke zaune gaban ordinata, wato kwamfuta, a biro yanzu, ku nake so ku ji ta. Bayan Taron Ƙasa ne da kamar shekara biyu. Lokacin ina sakatariya a wani ƙaramin biro, wato ofis, a Maradi mai karɓar dosiyen ɗaliban da suka ci bak, jarrabawar ƙarshen sakandare, suna neman bursi, wato tallafin karatu a waje. Ilimina bai wuce birebe ba, wato shaidar ƙaramar sakandare, sai buga mashin ɗin rubutu da na koya. Tsarin aikin shi ne ɗalibi ya cika takarda da kiriyo, wato fensir, ni in buga ta da mashin, uba ya sa hannu, shugabana Mushe Idi, kamar yadda ake kiran malam da Faransanci, ya duba ya buga kashe, wato hatimi, sannan a aika Yamai.

Amma a shekarar nan Mushe Idi ya fi zama wajen taron jam'iyya fiye da biro. Kashen ma a aljihun teburina yake barinsa. Ranar Laraba ita ce ta ƙarshe, domin washegari ma'aikata za su shiga yajin aiki, motar Yamai kuma za ta tashi bayan azahar.

Dosiye ɗaya ya rage, na Lawali, ɗan Jiratawa, wanda ya fi kowa maki a lissafi. Yana son karatun injiniyan lantarki. Shi bai zo ba, saboda ɗalibai sun yi macin zanga-zanga ranar Litinin, jandarmomi na neman waɗanda suka ja gaba, sai ya laɓe gidan gwaggonsa a Tsibiri. Mahaifinsa, Malam Na-Allah, shi ya zo a kan keke, da lakar garka a ƙafafunsa.

Na miƙa masa tawadar dangwale, sai ya janye hannu ya ce, “Ɗiyata, hwaɗa mini tukuna, mi aka rubuta nan?”

A takardar akwai layi biyu da Faransanci, ɗaya courant fort, ɗaya courant faible. Lawali ya yi alama a na biyun. Na ce, “Baba, iri biyu ne. Akwai wuta mai ƙarfi, akwai wuta mai rauni. Tasa mai raunin ce.”

Tsohon ya ce, “Mai rauni? Yaron da ya zo na ɗaya? To mai ƙarhin wa aka aje ma? Ɗiyan masu katin jam'iyya ko?”

Na ce, “Shi ya zaɓa da hannunsa, Baba.”

“Kunya ce. Haka yake tun yana ƙarami, ko tuwo aka aje sai ya ɗau ƙaramin. Mu can Jiratawa in kuran na lantarki ya yi rauni, famfo ba ya jan ruwa, albasa ta bushe muna kallo. Don Allah, ɗiyata, ki ba shi mai ƙarhin.”

Idanunsa sun cika. Wallahi a lokacin gani nake aikin lada zan yi. Na goge alamar Lawali, na buga courant fort, tsohon ya dangwala, na buga kashe da hannuna. Ya yi ta sa mini albarka har bakin ƙofa, ni kuma na tafi sallar azahar zuciyata fes.

Sai bayan yajin aiki amsa ta dawo. An mayar da dosiyen Lawali, an ce reshen da ya nema ba a buɗe shi ba a wannan shekarar. Ƙasar da ta ba da gurabe, na courant faible kawai ta bayar.

Lawali ya shigo biro da takardar a hannu. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya ce, “Madam Rabi, wa ya sake mini zaɓi?”

Na faɗa masa yadda aka yi. Sai ya ɗauki ƙaramin rediyon da ke kan teburina ya buɗe bayansa, ya nuna mini ƴan ƙananan abubuwan da ke ciki. Ya ce, “Madam, ga wuta mai rauni. Da ita muryar mutum ke tasowa daga Yamai ta iso teburinki.”

Ranar na san abin da ya kamata in sani tun farko. Masu courant fort su ke koyon samar da wuta da jan ta a manyan wayoyi, da tiransifoma da injunan masana'anta, su yi aiki a kamfanin wuta ko wajen haƙar ma'adinai a arewa. Masu courant faible kuwa su ke koyon cikin rediyo da wayar talho da ordinata, da yadda ake rubuta wa na'ura umarni, su yi aiki a gidan waya ko banki ko filin jirgi. Raunin ba na daraja ba ne, sunan ƙanƙantar wutar da ke gudu a ciki ne kawai. A lokacin ma shi ne reshen da ake rububi.

Na samu Mushe Idi na ce, “Mushe, a rubuta wa Yamai a ce kuskuren sakatariya ne. Ko kora ce na yarda.”

Ya cire tabarau ya ce, “Madam, tafinta aka ɗauke ki ko mai buga mashin?”

“Mai buga mashin, Mushe.”

“To. In rubuta cewa kashena na hannunki ina wajen taro? A wannan marra da kowa ke neman kujerar wani? Dosiye ya wuce, ya sake nema baɗi.”

Baɗi ba a yi karatu yadda ya kamata ba, makarantu a rufe rabin shekara. Da abubuwa suka lafa, shekarun Lawali sun haura waɗanda ake ba bursi. Gurbinsa tuni an ba na bayansa a jeri. Mushe Idi kuwa ya samu ƙarin girma ya koma Yamai. Ko takardar gargaɗi ba a ba ni ba, kuma wannan ya fi kora ciwo.

Abu ɗaya Lawali ya roƙe ni, kada mahaifinsa ya san gaskiya. Malam Na-Allah ya rasu yana cewa gwamnati ce ta cuci ɗansa. Na riƙe alƙawari har aka kai shi makwancinsa.

Na bar aiki da na haifi ɗana na biyu, ban sake komawa ba. Lawali yana nan Sabon Gari, yana da rumfar gyaran rediyo da salula, furfura ta fara fito masa. Injiniyoyin da suka dawo daga waje kan kawo masa abin da ya gagare su. Shekarun baya, kafin in tafi Hajji, na tsaya a rumfarsa na nemi gafara. Ya ce, “Na yafe, Hajiya, tuntuni.” Amma bai ɗago kai daga abin da yake liƙawa ba, ni kuma ban ga laifinsa ba.

Abin da na koya a aikin nan, manya sun san yadda za su tsame kansu, ƙarami shi ke kwana da abin a zuciya. Kuma tausayi na iya yanke wa mutum hanya kamar yadda mugunta ke yi. In aka tambaye ku ma'anar kalmar da ba ta fanninku ba, ku ce ba ku sani ba, ku ɗauke hannu daga mashin. Ni da na faɗi haka ranar, da tsohon ya dangwala a inda ɗansa ya zaɓa.