Iliyasu Mai-tikiti da Hutun Hajiya Tani

Duk mai sallar asuba a babban masallacin unguwarmu ta Sabo, nan Kudu, ya san inda Malam Iliyasu yake nufa idan an idar. Ba ya zaman hira a bakin masallaci. Zai tsaya wajen mai shayi a haɗa masa ba madara, ya riƙe kofinsa ya gangara ɗan shagon nan da ke tsakanin mai wankin hula da mai canjin kuɗi. Ya share ƙofar da kansa, ya yayyafa ruwa, ya goge taswirar da ke jikin bango, wadda rana ta cinye launinta har teku ta koma fara. Sannan ya zauna ya fara buga waya. Motar Ikko ta tashi? Wanda aka tura Kumasi ya sauka lafiya? Iyaka a buɗe take, ko yau ma da magana? Kafin 'yan okada su cika hanyar Mokola da ƙara, ya riga ya san inda kowane matafiyin Sabo ya kwana.

Iliyasu Mai-tikiti ake ce masa, amma sunan ya yi masa kaɗan. Tikiti ai yanzu kowane mai waya yana iya yanka maka. Shi kuwa zaunar da kai zai yi, ya tambayi abin da zai kai ka, da abin da ke aljihunka, kuma ba ya son ƙarya a ko ɗaya. Ya raba maka kuɗin: na mota, na ci da kwana, na tsaraba. Na dawowa kuwa sai ya ce ka ɗinke shi a cikin wando ka manta da shi. Mutane da yawa sun fita daga shagonsa suna gunaguni, saboda ya ce su ɗage tafiya sai sun yi allurar shawara sun karɓi katinta. Su ne dai suka dawo suna godiya, da suka ga wasu zaune a iyakar Seme an hana su wucewa.

Yanzu da yake shirin ajiye aiki bayan shekaru masu yawa, ya kamata a faɗi abin da ya yi wa Hajiya Tani, don a gaban jama'a aka yi shi.

Hajiya Tani ita ce mai tuwon nan ta Kasuwar Bodija. 'Yan dakon doya da na albasa da suka zo daga Arewa, da wuya a sami wanda bai ci miyar kukarta ba, mai kuɗi da wanda za ta ce wa, "Ci ka tafi, Allah ya kawo gobe." Tun tana amarya take bakin murhu. Mijinta Alhaji Sammani ɗan goro ne, mutumin kirki, sai dai shi tafiyar da babu saye babu sayarwa a ciki, yawon banza ce a wurinsa. 'Yarsu Ramlat, ma'aikaciyar jinya, ita ce ta daɗe tana tara wani abu, ranar nan ta ɗauko iyayen nata a keke mai ƙafa uku ta kawo su shagon Iliyasu. Ta ce so take su fita ƙasar waje su huta, su ga Kwatano da Lome da Akara. Ban da aikin Hajji, tsohuwar ba ta taɓa tsallake iyaka ba.

Iliyasu ya juya ga tsohuwar. "Hajiya, ke me kike so idonki ya gani?"

Ta ja mayafi ta dubi ƙasa. Ta ce duk inda Alhaji ya ce.

"Alhaji zan tambaye shi nasa. Naki nake tambaya."

Sai ta ce ƙasa-ƙasa, "Na taɓa hango ruwan Ikko ta tagar mota, ina rungume da buhun kuka. So nake in zauna a bakin irin wannan ruwa, ba mai kirana. In ci abincin da wani ya dafa, ko da ba daɗi."

Alhaji Sammani ya yi dariya har hularsa ta karkace. "Ka ji fa, Malam Iliya. Mu tsallake ƙasa uku don a je a kalli ruwa. Ga rijiya a gida."

Iliyasu bai yi dariya ba. Ya riƙe maganar, kuma a kanta ya gina tafiyar gaba ɗaya. Ya ce a bari sai ruwan sama ya ɗauke, don teku ba ta da daɗin kallo a cikin damina. Ya nemo wani ƙauyen masunta gaba da Akara, inda wani tsohon abokin hulɗarsa ya tabbatar masa da ƙaramin masauki mai tsabta, da masallaci kusa, kuma ba irin bakin ruwan da ake yawo rabi tsirara ba, don ya san Hajiya ba za ta iya ɗaga ido a irin wannan wuri ba. Ya nuna musu abin da za a canza zuwa sefa da wanda za a canza zuwa sidi. Aka shirya sauka Kwatano, a sauka Lome, a sauka Akara, a ƙarasa bakin teku a yi mafi yawan kwanakin a can. Kuɗin Ramlat ya isa cif, ba rara.

To, sai Alhaji ya yi abin da kowane ɗan Sabo mai tarbiyya zai yi. Ranar Juma'a bayan an sauko ya bi gida gida yana sallama.

Kun dai san mu. Babu gidan da ba shi da wani a zangon Kwatano, ko a Lome, ko a Nima ta Akara. Kuma a wurinmu mai tafiya ba ya ƙin saƙo, wanda ya ƙi, an daina gaishe shi da daɗin rai. Kafin sati ya zagayo zauren Alhaji ya koma tasha. Ga ƙullin yaji na mai jego. Ga kilishi. Ga daddawa wadda warinta ya kori kyanwar gidan. Wata ta kawo kan keken ɗinki a kai wa 'yarta Lome. Wani dattijo bai kawo kaya ba, ya ce dai idan an isa Nima a zauna a sasanta ƙannensa biyu da suka daina magana a kan gado. Shi kuma Alhaji da ya ga kaya sun riga sun yi kaya, sai ya ƙara huhun goro biyu, wai kada a tafi hannu sake.

Ramlat ce ta zo shagon da safe, ido ya yi ja. Ta ce, "Baba Iliya, Mama ta kwance jakarta. Ta ce ta fasa."

Iliyasu ya rufe shago ya bi ta. Ya tarar da Alhaji a tsakiyar kaya yana murna, yana cewa ai ma an huta da kuɗin otal, kowane zango akwai gidan da za a sauka kyauta.

Hajiya Tani tana daga bakin ƙofa ta ce, "Kyauta a wurinka, Alhaji. Ni na san gidan 'yan'uwa. Ranar farko baƙuwa ce ni, a shimfiɗa mini darduma. Rana ta biyu a ce, Hajiya, mun ji labarin miyarki, ko za ki nuna wa yara? Rana ta uku ni ce a bakin murhu. In dai tuƙa tuwo zan je yi a Lome, gara in tuƙa a Bodija, ko ba komai ana biyana."

"To ya kike so in yi? In mayar wa mutane kayansu? In sa fuskata a ina?"

Gaskiya duka biyun suke faɗi, kuma Iliyasu ya san haka. Idan aka sauka zango zango da wannan kaya, kuɗin ɗaukar kaya zai cinye na masaukin bakin ruwa, sulhun Nima ya cinye kwanakin, Hajiya ta dawo ba ta ga komai ba sai tukwanen wasu. Idan kuma aka mayar da saƙo, Alhaji ba zai ƙara zama a majalisa da sakin fuska ba. Ya tsuguna ya ɗaga kan keken ɗinkin ya ji nauyinsa, ya ajiye.

"Alhaji, ba a mayar da ko ƙulli ɗaya. Muhsin direba yana lodin albasa zuwa Akara jibi, kuma ta waɗannan garuruwan zai bi. Kayan nan su riga ku tafiya. Duk mai saƙo saƙonsa zai isa da sunanka."

"Goron fa?"

"Goro zai jira ka a nan. Kai ka ce mini ana iya ajiye shi wata da watanni in an san hannu. Ko ba ka san hannu ba ne?"

Ramlat ta rufe baki da mayafi. Alhaji ya yi gyaran murya.

"Saura ɗaya," in ji Iliyasu. "Za mu juya tafiyar. Ku kwana Ikko, ku hau babbar mota kai tsaye, sai bakin teku. Hajiya ta fara cin nata hutun tukuna. A dawowa ku bi Akara, ku bi Lome, ku bi Kwatano. A otal za ku kwana, zango kuwa da rana, ku gaisa, ku ci abin da aka ba ku, ku tashi kafin a ɗora tukunyar dare. Tsaraba a Kwatano za a saye ta, da abin da ya rage."

Nan Alhaji ya miƙe. "In wuce ta Kwatano ban sauka ba? Ɗan'uwan mahaifina yana garin. Gobe a ce Sammani ya yi arziki ya fara wuce mutane."

"Ni zan kira shi."

Ya kuwa kira, a nan zauren, kowa yana ji. Ya gaida tsohon da kyau, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce Alhaji yana tafe, amma ya ƙi ya tsaya masa tsayuwar mai sauri, ya ajiye gidansa ya zama na ƙarshe, don daga hannunsa yake so ya shigo gida da albarka. Tsohon ya yi ta sa albarka har kuɗin wayar ya ƙare. Iliyasu ya ƙara kati, haka ya bi masu masaukin Lome da Nima. Shi kuma dattijo mai sulhu, Iliyasu ya je har gida ya gaya masa cewa rigimar gado ta fi ƙarfin baƙon yini ɗaya, ya haɗa shi da limamin unguwar can.

Da yamma Hajiya Tani ta mayar da zannuwanta cikin jaka.

Kai ne, Malam Iliyasu, ka ji maganar da tsohuwa ta faɗa a ƙasan mayafi, ka ɗauke ta da nauyin da ake ɗaukar maganar attajirai. Kai ne ba ka bari an kunyata miji don a faranta wa mata ba, ba ka kuma bari an danne mata don a rufa wa miji asiri ba. Mai gyara hanya tun kafin a taka ta. Ladan tikitin da ka samu a wannan tafiya bai kai kuɗin wayar da ka ƙona ba, kuma ba wanda ya ji ka faɗa.

Sun tafi, sun dawo. Hajiya ta yi duhu ta yi ƙiba. Ranar da ta zo shagon yi masa godiya, mai wankin hula da mai canji duk sun taso suna ji. Ta ce da safe masunta suke jan taru suna waƙa, ita kuwa tana zaune a kan rairayi ruwa yana zuwa ya taɓa ƙafarta ya koma. Ta ce an ba ta gasasshen kifi da wani tuwon masara mai tsami, ta ci ta ce a ƙaro.

Mai canji ya ce, "Da daɗi, Hajiya?"

"Gishiri ya yi kaɗan. Amma ba ni na dafa ba, ina ruwana."

"Alhaji fa, ya kalli ruwan?"

"Wane kallo. Ranar farko ya zaga yana tambayar nawa ake sayar da kwakwa a sari. Rana ta biyu na neme shi na rasa, ashe yana ƙarƙashin bishiya yana barci baki buɗe, hula a kan ciki. Tun da na aure shi ban taɓa ganin ya yi barcin rana ba."

Alhaji yana gefe ya ce ba barci yake ba, lissafi yake. Aka bar shi a haka.

Sai ta juya ga Iliyasu, murya ta yi ƙasa. Ta ce, "Malam, mayafin nan da shi na tafi. Da na dawo na shinshina shi, babu hayaƙi. Ban san haka tufafin mutane suke ba." Ta ajiye masa atamfar Kwatano ta kai wa iyali, ta fita da sauri don kada a ga idonta.

Mun gode, Iliyasu. Allah ya saka maka da alheri, ya sa yadda ka sauƙaƙe wa bayinsa hanya a sauƙaƙe maka taka. Ku kuma samarin da kuka buɗe shagunan tafiye-tafiye kuna danna waya ba ku ɗaga kai ku dubi mutum, ku je ku zauna kusa da shi kafin ya rufe ƙofar nan. Ku koyi tambayar mutum abin da yake so ya gani, ku yi haƙuri har ya faɗa. 'Ya'yan da iyayensu suka tsufa a bakin murhu da bakin kasuwa, ku dubi abin da Ramlat ta yi ku ji kunya.

Magana ta ƙarshe, kuma ba wasa a cikinta. Mutumin nan da ya tura rabin Sabo ƙasashe, shi kansa bai taɓa wuce Seme ba. Yanzu 'ya'yansa sun haɗa masa tafiya da shi da uwargidansa zuwa wancan ƙauyen masunta, da zarar ruwa ya ɗauke. Labari ya zo mana cewa tuni an fara ajiye ƙulle-ƙulle a ƙofar shagonsa, kuma shi kunya ba za ta bar shi ya yi magana ba. To mu dattawa mun yi masa. Duk mai yaji, mai daddawa, mai kan keke, ya zo ya kwashe kayansa, motar Muhsin tana lodi ranar Talata. Iliyasu da jakarsa kaɗai zai tafi.