Yabon da Inna ta Karɓa a Gyaɗi-Gyaɗi

Ana idar da sallar asuba muka bar Maƙarfi za mu Kano, ni da mahaifiyata Inna, da ƙullin mazarƙwaila da damin rake da ta rantse sai an ɗora a mota. Na ce mata wanda za a yi wa aiki a ciki ina shi ina rake? Ta ce ba don shi ta ɗauko ba, don 'ya'yansa ne. "Shi" ɗin nan yayana ne, ɗanta na fari, wanda likitoci suka gano ƙari a hanjinsa, suka ce washegari za a shiga da shi tiyata. Tunda na yi wayo ban taɓa jin Inna ta kama sunansa ba, balle ta yabe shi. Na san alkunya ce irin ta iyayenmu, amma a ranar abin ya tsaya mini a rai. Tsorona ɗaya, kada Yaya ya shiga ɗakin nan bai taɓa jin kalma mai daɗi daga bakinta ba.

Kuɗin mota ya kusa ninka na bara, kuma duk da haka direba ya cusa mu huɗu a baya kamar buhunan barkono. Kowace tasha sai ya tsaya. A Kwanar Ɗangora ya sha mai, a Kwanar Gafan ya tsaya cinikin kwandon tumatir na gidansa, mu muna gasuwa a ciki. Na kasa zama wuri ɗaya, na duba waya, na mayar, na sake dubawa. Inna kuwa carbi kawai take ja, idonta a kan gonakin shinkafar Kura, sai ka ce biki za mu.

Mun sauka a tashar Unguwa Uku da hantsi, 'yan adaidaita suka yanyame mu. Wanda muka hau ya ɗaure raken a sama, ya kutsa da mu lungunan Tarauni, ta gaban masu awara da shagunan caji da gidajen ma'aikata masu tsofaffin motoci a ƙofa. Muna faɗin gidan mai gyaran wuta, sana'ar Yaya ke nan, ya ce ai kowa ya san shi, mutumin kirki ne na ƙarshe. Inna ta tambaye shi nawa ake sayar da mudun gero a nan.

Gidan cike yake da 'yan dubiya. Yaya ya rame har na kusa kuka, amma ya taso ya durƙusa ya gaida Inna. Ta amsa tana kallon bango, ta jawo jikokinta tana rarraba musu mazarƙwaila. Aka kawo mana gurasa da ƙuli da man gyaɗa, wadda in da lafiya da sai na ci ƙarin faranti, amma loma biyu na iya.

Can sai ga maƙwabciyarsu, wata dattijuwar Bayarabiya, Kirista, da ta fi shekara talatin a unguwar, Hausarta tas. Ta riƙe hannun Inna ta dinga zuba yabo. Ta ce ranar da mijinta ya rasu Yaya ne ya rufe shagonsa ya tsaya mata har aka kai gawar garinsu, kuma bai taɓa bari ta kwana cikin duhu ba saboda lalacewar waya. Ta ce Inna ta haifi ɗa.

"Wannan?" in ji Inna. "Allah dai ya shirya."

Matar ta saki hannunta a hankali. Yaya yana zaune bakin ƙofa, ya yi murmushin nan nasa na wanda ya saba. Ni kuwa raina ya ɓaci, wallahi, na fita ƙofar gida na yi ta kai da kawowa har aka kira la'asar, muka raka shi asibitin da ke Gyaɗi-Gyaɗi aka ba shi gado.

Da safe muka koma. Titin asibitin ya cushe, masu kunu da ƙosai, masu lemo da ayaba, da 'yan jinya riƙe da fulas kowa fuska a ɗaure. Mun tarar an sa wa Yaya rigar tiyata, an ɗora shi kan gadon turawa. Dattijuwar nan ta riga mu zuwa. Ta tare Inna a gabansa, ba ko kwana-kwana.

"Mama, jiya na kawo miki kyauta kin mayar mini. Na san al'adarku ce, amma ni ban ji daɗi ba. Zan sake faɗa yana ji: ɗanki mutumin kirki ne."

Na san Inna, tana iya juya baya ta tafi neman buta. Sai ta tsaya tana murza bakin mayafinta, har ma'aikatan suka kama gadon za su tura.

"Na gode, 'yar uwa," in ji Inna. "Gaskiya kika faɗa. Tun yana ƙarami haka yake, bai taɓa sa ni kuka ba. Alhamdu lillahi da ni na haife shi."

Yaya ya ɗora hannu ya rufe fuskarsa, a haka aka shige da shi.

Jiran nan ba zan so wa maƙiyina shi ba. Na zauna, na tashi, na je bakin titi na dawo, na sayi ruwa na manta da shi a kan benci. Sai bayan azahar likita ya fito ya ce an yi nasara. Da Yaya ya farfaɗo sosai ya yafito ni, ya tambaye ni a kunne ko da gaske Inna ta faɗi abin da ya ji, ko kuwa allurar barci ce ta sa shi mafarki. Na ce da kunnena na ji, ga shaida har Bayarabiya.

Da jiki ya yi kyau muka kamo hanyar gida. A mota na tsokane ta, na ce ni fa, yaushe za a yabe ni? Ta ce ke auta, ai yabo ne ya lalata ki.

Abin da na taho da shi daga Kano shi ne, in aka yabi naka, ka ce na gode, ka ce masha Allah, ka bar shi a nan. In ka ture, mai yabon zai ji kunya, kuma wanda aka yaba yana kusa yana ji. Har yau Inna ba ta kama sunan Yaya, kuma ba na sa ran za ta fara. Amma muna isa Maƙarfi maƙwabta suka shigo tambayar mai jiki, na ji ta daga ɗaki tana ce musu ya samu sauƙi, kuma mutanen Kano suna ta yabonsa, ita ma ta ce musu gaskiya ne.