Barba Roko da Jinyar Limun

Barba Roko, wato Baba Roko a yarenmu, ya shekara hamsin yana kashe kifi a tekun tsibirinmu, bai taɓa neman gafarar ko ɗaya ba. Katanga ɗaya ta raba gidana da nasa, don haka abin da zan faɗa da kunnena na ji shi, wani ma ba da son raina ba. Mutumin kirki ne, amma magana ba ta fita bakinsa sai da ƙaya.

Da 'yarsa Dunja za ta tafi aiki Jamus, ta bar masa akwatin gilashi na ruwan gishiri, da wani kifi rawaya a ciki wanda bai kai tafin hannu ba, wai shi Limun. Ranar tafiya, maimakon ya sa mata albarka, sai ya leƙa akwatin ya ce, "Kifin da ba ya shiga kasko, me ake yi da shi?" Ta hau jirgin ruwa ko waiwaye babu. Tun daga nan duk Lahadi takan bugo waya ta sha hira da uwarta Vinka, sannan ta ce a ba baban. Tambayarta ɗaya ce: "Limun ya ci abinci?" Ya ce, "Ya ci." Iyakar zumuncin da ya rage musu ke nan, kuma Roko ya san ranar da kifin ya mutu, wayar ma ta mutu.

Da zafi ya kankama, Limun ya daina ci. Ya raɓe bayan dutse yana numfashi sama-sama, launinsa ya koɗe.

Mu a tsibirin nan cuta ɗaya muka sani: iskar da ke shiga ta taga ta fita ta ƙofa. Ita ta kashe kakannin kowa. Vinka ta rufe tagogi, ta naɗe akwatin da bargon ulu, ana gumi kamar gidan burodi. Tsoho Šime, abokin kartar Roko, ya zo da barasar inabin da ya dafa da kansa, ya ce ɗigo uku ya isa.

Roko ya ce, "Kai da kake shan ta kullum, dubi yadda ka koma. Ɗauke kwalbarka."

Ni dai kyandir na kunna a coci, ban gaya wa limamin ko don wa ba.

Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, Roko ya haɗiye girman kai ya kira Dunja da kansa, abin da bai taɓa yi ba. Ta tambayi zafin ruwan, ta tambayi abinci, sannan ta ce, "Baba, tataccen ruwan da na bari a jarkoki, kana ƙara masa idan ruwan ya ragu?"

"Wannan ruwan lamin? Tumatir na ba. Kifin teku sai ruwan teku, yarinya. Da ya ragu sai in ɗebo bokiti daga gindin jirgina in cika masa. Ni za a koya wa kifi?"

Ta ce, "Baba, ruwa ne zafi ke ɗaukewa. Gishirin fa, ina yake zuwa?"

Vinka ta tsoma cokali ta ɗanɗana, ta tofar. "Haba Roko, wannan ai ba kiwo kake yi ba. Gishirta shi kake yi da ransa, kamar sardin ɗin hunturu."

Abin haushin, daga tagar ɗakin nan ana hango filayen da rana ke shanye ruwan teku ta bar mana gishiri. Uban Roko a can ya tsufa yana kwasa. Wallahi har ni na ji masa kunya.

Maganin ba wuya, sai haƙuri, abin da Roko bai gada ba. Tataccen ruwa daga kantin magani, kofi-kofi, kada a sauya wa kifin ruwa farat ɗaya. Aka yaye bargo. Aka tono ma'aunin gishirin da Dunja ta bari, wanda Roko ya jefa cikin akwatin ƙugiyoyi. Dunja ta koma bugowa safe da yamma don jin abin da ma'aunin ya nuna, daga nan zance ya zarce kan gwiwarsa, da tumatir, da injin jirgi. Ran nan na ji shi yana dariya, na ɗauka baƙo suka yi.

Limun ya warke sarai. Na shiga aron tafarnuwa na same shi rawaya shar, yana ci kamar gara. Ina tsaye waya ta yi ƙara.

Roko ya juya wa akwatin baya, ya sassauta murya. "To, da sauƙi dai, amma ba a ce ya warke ba. Yau ma na ga kamar yana ɗingishi. Ki bugo gobe mu gani."

Vinka ta buɗe baki, na taka mata ƙafa.

Dunja 'yar masunci ce, ta san kifi ba ya ɗingishi. Washegari da sassafe na ji wayar tana ƙara ta bayan katanga.