Dakan da Ake Ji a Bayan Katanga

Kakarmu Iya Abu ba ta ba da tatsuniya kyauta, sai ka tsince mata wake ko ka hura mata wuta. A gidanmu na Gwammaja, da an idar da isha'i takan zauna gaban murhu, mu jikoki mu kewaye ta. Ni "maigida marowaci" take ce min, wai tun da na aure ta ko gishiri ban taɓa kawo mata ba. Yawancin tatsuniyoyinta na dariya ne. Amma akwai guda ɗaya da ba ta fito da ita sai ranar da hadari ya haɗo daga gabas, iska ta fara jijjiga kwanon rufi. Ranar ko "ga ta nan" ba ta cewa. Sai dai ta ce, "Ku matso, wannan ba ta son ɗaga murya."

Wai a wani gari guguwa ta tashi da farkon damina, ta yaye rufin ɗakuna, ruwa ya biyo baya ya kwantar da katangu. Da gari ya waye mutane suka kira gayya. Aka yi shela: duk wanda gidansa ya faɗi ya fito ya faɗa. Maza na kwaɓa ƙasa, mata na jan ruwa suna dama fura, gida bayan gida ana tayarwa. A ƙarshen lungu akwai wata tsohuwa mai suna Tabawa, ba ɗa ba jika. Ita ba ta fito ba. Wani ya ce a leƙa ta, aka ce, "Ba ka jin dakanta? Mai daka ai lafiyarta ƙalau." Kuwa da gaske, kullum daga bayan katangarta ana jin taɓarya, dum, dum, dum.

A nan Iya kan buga muciya a ƙasa sau uku, a hankali.

Sai dai duk katangar da suka yaɓe, da safe su tarar ta tsage daga ɓangaren da ke kallon gidan Tabawa. Su sake, ta sake. Ran kwana na bakwai suka gaji suka shiga. Ashe ɗaki ya rufta mata tun ranar guguwa. Turmin ma yana ƙarƙashin ƙasa, taɓaryar ta karye biyu.

"To Iya, wa ke dakan?" na taɓa tambayarta.

"Kai dai marowaci, ka cika tambaya. Ni ma ban tambayi wadda ta ba ni ba."

Ba ta rufe wannan da ƙurunƙus. In mun tuna mata sai ta ce ai ba ta ƙare ba.

Iya ta daɗe da rasuwa, ni kuwa na zama kafinta mai furfura, lokacin da wata iska ta afka wa unguwarmu da la'asar. Kwano ya yi ta shawagi a sama kamar takarda, tsofaffin ɗakunan ƙasa suka zube. Ba mu jira kowa ba. A masallaci muka tsara aiki, masu hali suka kawo katako da ƙusa, matasa suka ɗauki shebur, mata suka ɗora tukwane. Ni da bakina na ce duk wanda abin ya shafa ya turo hoto ta waya. Har ina jin na yi dabara.

Kwana na biyu ina kan rufin wani gida, na tambayi ko an ga Baba Ilu, wani tsohon baduku da ke zaune shi kaɗai a maƙwabta. Abokin aikina Sabo ya ce, "Haba, ba ka jin rediyonsa tun jiya? Ya ƙure ta ma. Lafiyarsa lau."

Guduma ta suɓuce daga hannuna. Ban san yadda na sauko ba. Na yi sallama sau uku a zaurensa, shiru sai rediyo. Sabo na cewa, "Malam, a shiga gidan dattijo ba izini?" Na ce in laifi ne a kaina, na sa kafaɗa na ɓalle ƙofar.

Yana kwance cikin laka, azara ta danne masa ƙafa, leɓensa ya bushe, rediyon na gefen kunnensa. Da muka ɗaga itacen muka ba shi ruwa, ya dube ni ya ce, "Ɗana, na yi ta kira, gudumarku ta fi muryata. Shi ne na ƙure wannan, ko wani zai ji ya shigo."

Kunya ta kama ni, na fashe da kuka a gaban yara. Ya rayu, alhamdu lillahi, amma ƙafar ba ta sake taka ƙasa ba, kuma kwana ɗaya da rabi na jinkirin nan da sa hannuna a ciki.

Shekara da shekaru ina tsoron tatsuniyar Iya saboda ban san wa ke dakan ba. Yanzu abin da ke hana ni sukuni daban ne: duk garin sun ji dakan, kwana bakwai, kowa ya ce lafiya ce. Shi ya sa in iska ta lafa a unguwarmu ba na sauraron shela, ba na duba waya. Ƙofa-ƙofa nake bi, kuma ba na barin wurin sai na ga fuskar mai gidan.