Takardar da na yaga a gaban Ramatu

Shekara ashirin da uku ke nan da rasuwar matata Ramatu. Duk shekara idan lokacin ya zagayo, sadaka nake yi in yi shiru. Bana na ce zan rubuta, tunda yanzu hannuna ya iya riƙe biro. Shekara huɗu ina zuwa ajin manya a unguwar Adjamé, nan Abidjan, bayan la'asar, muna koyon boko da ɗan Faransanci. Wanda ya ga maganar ba ta miƙe ba, ya yi haƙuri.

A wancan lokacin dako nake yi a tashar jiragen kamun kifi ta Treichville. Idan mun gama sauke kaya, akan bar mana ƙananan kifi, sadin da makaro, mu kai gida. Muna zaune a gidan haya mai ɗakuna da yawa, famfo ɗaya a tsakar gida. Ramatu haihuwar Abidjan ce, ta ɗan yi makaranta, tana ɗauke da cikin fari. Gwaggo Asabe, wadda ta riƙe ni tun ina yaro, ta taso daga can garinmu don ta zauna da Ramatu.

Ranar da Gwaggo ta iso ta kafa doka: ba ƙwai, ba kifin teku, ba wani abu mai maiƙo. Ta ce maiƙo ke kumbura ɗa a ciki har ya ƙi fita, kuma da idonta ta ga matan da suka mutu a kan gwiwa. Ba mugunta ba ce, tsoro ne, ni ma kuma tsoron ya kama ni. Kifin da nake kawowa ya koma rabon maƙwabta. Ramatu sai tuwo da miyar kuka ba mai.

Ta rame, wuyanta ya fito. Da ta je awo, ungozomar asibiti, wadda a nan muke kira sajfam, ta rubuta mata wani abu a takarda. Ramatu ta ce, "Maigida, sajfam ta ce in riƙa cin kifi." Na ce, "Haihuwa nawa sajfam ta gani da Gwaggo ba ta gani ba?" Ta ninke takardar ta ƙulle a haɓar zaninta.

Wata Talata jirgi bai shigo ba, na dawo gida da azahar. Na tarar da ita a ƙofar maƙwabciyarmu Tanti Awa, 'yar ƙabilar Jula mai sayar da bandar kifi a kasuwar Adjamé. Kwano na gaban Ramatu, tana cin makaro. Kifin da ni na kawo jiya. Na sa ƙafa na shure kwanon, romo ya watsu a zaninta. Ta miƙe da ƙyar, ta zaro takardar nan daga haɓar zani, ta ce, "A rubuce yake. Tsaya in karanta maka."

Wannan "in karanta maka", a gaban matan gida, shi ya ƙona ni. Na fizge takardar na yaga ta biyu. Na mare ta. Ta riƙe rigata don kada ta faɗi, na hankaɗa ta. Ƙugunta ya bugi bakin simintin famfo, na ji ƙarar. Tanti Awa ta ɗauko taɓarya ta sauke min a kafaɗa, ta ƙara, tana zagina da Julanci. Maza biyu suka danne ni a ƙasa, bakina na jini. Daga inda nake kwance ina kallon Ramatu. Ba ta yi kuka ba. Tana zaune cikin ruwan wanke-wanke tana tsintar takardarta.

Bayan kwana biyu naƙuda ta taso, ciki wata bakwai. Aka samu 'ya mace, 'yar mitsitsiya. Jini ya ƙi tsayawa. Kafin la'asar Ramatu ta cika. Mutane suka ce wa'adi, ni ma na bi su na ce wa'adi. Babu wanda ya kai ni ƙara. Gwaggo ta koma gida, har ta rasu ba mu taɓa tayar da zancen ba. Tanti Awa ce ta ɗaure jaririyar a ƙirjinta har ta yi ƙwari. Ranar addu'ar bakwai ta danƙa min takardar, gida biyu, ta ce, "Riƙe." Bayan wannan kalma ba ta sake gaishe ni ba.

Saboda takardar nan na shiga aji. Sai bara na iya haɗa baƙaƙenta. Layi huɗu ne: sadin ko makaro sau biyu a mako, ƙwai, gyaɗa, a guji man da aka yi ta suya da shi. Na kai ta wurin wata sajfam na ce ta yi min bayani. Ta ce ba duk maiƙo ne ɗaya ba. Na jikin ƙananan kifin teku yana cikin abin da ke gina ƙwaƙwalwar ɗa da idonsa tun yana ciki, yana kuma iya taimaka wa ciki ya kai watanninsa. Manyan kifi irin ton ne ake so mai ciki ta rage. Na ce, "To, rashin kifi ne ya kashe ta?" Ta ce ba za ta ce haka ba. Sai ta tambaya, "Ta faɗi ne?" Na ce ture ta aka yi. Ta dube ni, ba ta tambayi wanda ya ture ta ba.

Nakan yi tunanin abin da Ramatu za ta ce da ta ga yau. Matan yanzu a waya suke duba abin da za su ci, amma har gobe akwai gidajen da ake ɓoye wa mai ciki ƙwai. Na san za ta yi dariya in ta gan ni da furfura ina rataye da jakar makaranta.

'Yar nan sunan uwarta ta ci, muna kiran ta Ummi. Tana aure a Treichville, yanzu cikinta wata biyar. Har zuwa watan jiya, abin da ta sani kawai, uwarta wurin haihuwa ta rasu. Ita kaɗai gare ni, kuma na san in ta ji sauran tana iya rufe min ƙofa.

Watan jiya na kai mata makaro da takardar. Na ɗora yatsa ina karantawa, tana dariya tana cewa, "Papa, ba haka ake faɗa ba." Can ta juya takardar ta ce, "Wa ya yaga ta?" Na gaya mata, tun daga kwano har famfo, ban rage komai ba. Ta tashi ta buɗe ƙofa ta ce, "Papa, ka tafi tukuna." Takardar ta rage a hannunta.

Mako uku ba ta ɗauki wayata ba. Ranar Juma'ar da ta wuce saƙon muryarta ya shigo: "Kifin ya ƙare. Makaro, ba ton ba. Ka kawo da kanka." Na kai. A bakin ƙofa ta karɓa, ba ta ce in shiga ba. Ta bayan kafaɗarta na hango takardar a bango, an haɗa ta da salatif.

Ramatu ba ta bar hoto ba, ba ta bar dukiya ba. Ta bar 'ya, da layi huɗu da ta so ta karanta min na hana ta. Wanda ya karanta wannan ya yi mata addu'a, Allah Ya jiƙan ta. Ummi ba ta ce ta yafe min ba. Gobe Talata, da sassafe zan je tasha in zaɓo mata kifi, in tsaya a ƙofar.