Goron da Dattawan Nima Suka Cinye

Ana sallame sallar asuba motarmu ta bar Kano, ni da wani abokin aikina, mu biyu malaman kimiyya, za mu taron malamai a Ankara, babban birnin Gana. An ce wanda ya fi iya bayani, makarantarsa za ta samu akwatin kayan gwaji. Namu ɗakin gwajin kuwa banda benci da gizo-gizo ba komai, don haka na sa rai ƙwarai.

Hanyar Legas ta jijjiga mu. Daga Kwatano zuwa Lome teku na hagunmu, abokina sai kallo yake kamar ya ga aljani. A kan iyakar Gana muka canza kuɗi, aka cika mini aljihu da sidi har na ɗauka na yi arziki, kwanon wake da shinkafa ɗaya ya dawo da ni hayyacina. Akwai wani yaji baƙi da suke kira shito, wallahi sai da na yi hawaye.

A unguwar Nima muka sauka, gidan wani Alhaji mai sayar da yadi. Lunguna ƙanana, ko'ina rediyo, ga Hausa a bakin kowa amma ta sha ruwan Gana. Alhaji ya ce mini, "Malam, matana ya dafa tuwo, ka ci da kyau."

Darasina a kan ruwa ne. Kowace ƙwayar ruwa oksijin ɗaya ce da haidurojin biyu, kamar mutum da hannuwansa, kuma hannuwan kullum rawa suke. Akwai na'urar da ke haska ruwa ta zana wannan rawar a takarda. Idan tururi ne, zanen siriri. Idan ruwa ne, sai ya faɗaɗa, rawar ta rage sauri, domin maƙwabciya ta riƙo hannun. Wannan riƙon nake son nunawa, da ƙwayoyin da zan haɗa da goro. Ban ɗauko goro daga gida ba, wa ke kai goro Gwanja? A Kasuwar Malam Atta na sayi ja na oksijin da fari na haidurojin, na soke su da tsinke, na ɗaure maƙwabta da roba. Na jera a faifai a ɗakin baƙi, muka fita karin koko da ƙosai, ranar taron ke nan.

Da na dawo, sai na tarar dattawan unguwa sun zo gaishe mu, kowa baki jawur. Tsinke da roba an tara su gefe da kyau.

"Allah ya saka, Malam," in ji limaminsu. "Har da ado ka yi masa!"

Innalillahi! Na zauna a ƙasa, raina ya ɓaci. Aikin wuni guda ne, lokaci kuma ya ƙure. Da abokina ya yi musu bayani, sai Alhaji ya miƙe ya gyara hula. "Mu muka ci oksijin, mu za mu tsaya a wurinsa. Ku tashi."

Haka muka cika torotoro, ƙaramar motar haya, muka nufi wajen unguwar Madina, inda ake taron. A gaban manyan malamai na jera dattawa da manyan riguna. Na ce kowa ya kaɗa hannu shi kaɗai, suka kaɗa da sauri iri ɗaya. Na ce ga tururi. Sai na ce kowa ya riƙo hannun rigar na kusa. Nan rawa ta yi nauyi, wani an riƙe shi tamau, wani sako-sako, liman yana ta "Kai, sakar mini riga!" Na ɗaga takardar na'ura na ce ga dalilin faɗin zanen. Zauren ya ɗauki dariya da tafi, ni kuwa daɗi kamar ya kashe ni.

Mu aka ba akwatin. A cinya na riƙo shi har Kano, ban yarda an ɗora shi saman mota ba. Tafiyar ta koya mini cewa goro a faifai a Nima ya riga ya zama na jama'a, kuma mutanen da suka ci naka ba sa barinka ka ji kunya kai kaɗai. Ɗalibaina sun buɗe akwatin jiya, ga ƙwallayen roba ja da fari masu ƙyalli. Na ce su ajiye tukuna, kowa ya riƙo hannun rigar na kusa.