Kazar Inna Hajo da Ƙwaƙwalwar Motar Kawu

Jama'a, yau na sa an yanka kaza a banza!

Kun san gyaran waya nake yi a kasuwar Goronyo, kwanan nan na fara koyon gyaran ƙwaƙwalwar mota. Da hantsi Kawu Bello ya ciro ta motarshi ya kawo min. Motar na bakin hanya cike da albasa, ta ƙi tashi, rana na ta dukan kaya.

Na kunna bulowa, injin hura iska mai zafi, in narkar da dalma. Ashe iskar ta yi yawa! Wani ɗan mitsitsin abu kamar ƙwayar gero ya yi tsalle daga jikin allon ƙwaƙwalwar. Daidai nan kazar Inna Hajo, mai koko kusa da shagona, ta caki ƙasa.

Na ce, "Kawu, ta haɗiye!"

Ya ce, "Ta haɗiye mi?"

"Abin da in babu shi motar ba ta tashi!"

Kawu ya roƙi Inna. Ta ce, "Tana da 'yan tsaki fa. Amma kar albasarka ta ruɓe, ku yanka."

Aka yanka, aka tsaga ƙundu. Tsakuwa ce kawai da gero!

Na zo alwalar azahar, sai ga abin ya faɗo daga naɗin ƙafar wandona. Innalillahi! Na lallaɓa na mayar da shi, na ce wani na samo. Mota ta tashi, Kawu na ta sa min albarka.

Yanzu Inna ta aiko min da romon kazar, wai na sha wahala. Ga kwanon nan gabana, na kasa buɗewa. 'Yan tsakin suna ƙofar shagona suna ta kuka.